Bagaruwa ta biyo ni har Indiya

Assalamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara. Nan ƙarfe 7 na safe ne, ku can 2 da rabi na dare kuna ta barci, ni kuma ga ni a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, yau dai sai kun ga furojet ɗin da ya hana ni kiran gida.

Kun gane wannan? Bagaruwa ce, wadda majema ke jima da ita, wadda Hajiya kakata ke jiƙa mana in dasashi na jini. Wallahi ranar da na ganta a bakin hanya a garin nan sai da na tsaya na taɓa ta, su babul suke ce mata. Nan take na samu sufabaiza na, malamin da ke duba aikina, na ce mashi ita nake so in gwada kan ƙwayoyin cuta, ya ce to je ka karanto abin da aka riga aka yi tukuna, sati 3 ba abin da na taɓa sai takardu.

Aikin kuwa, na shanya ta a inuwa na daka na jiƙa garin cikin ruwan sinadarin itanol na tace. Wannan farantin abincin ƙwayoyin ne a ciki, sai an turara shi a otokilef, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, digiri 121 minti 15 kafin a zuba. In shafa ƙwayar cutar E. coli a wani farantin, ta Staphylococcus aureus a wani, in huda rami in ɗiga ruwan bagaruwar, sai inkubeta, akwatin ɗumi, digiri 37 su kwana. Inda kuka ga fili ya zagaye ramin, ƙwayar ce ta kasa tsirowa, shi nake aunawa da milimita, kuma kowane gwaji sau 3.

Zagayen farko duk ya lalace, na bar murfi a buɗe ina magana, wata ƙwayar ta faɗa. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Don Allah kar wani ya ce na ce bagaruwa ta maye gurbin maganin asibiti, faranti daban jikin mutum daban, ko yawan da zai yi illa ban auna ba.

Ƙanwata da ke aji 4 a jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ki riƙa rubuta suna da kwanan wata a gindin faranti ba a murfi ba, murfi na musanyuwa. Bari in sa safar hannu in buɗe na jiya.