Warin Gas a Kicin: Me Ya Sa Ba a Taɓa Makunnin Wuta?

Assalamu alaikum. Satin nan tambaya ɗaya ce ta cika min waya, har gardama ake yi a kanta a WhatsApp: idan mutum ya ji warin gas a gida, fanka zai kunna ta kore shi, ko wutar ɗakin zai kashe? Babu ko ɗaya a ciki. Ku biyo ni kicin ku ga dalili.

[Hoto: tukunyar gas a gefen risho]

Ga tukunyar nan mai kilo 12.5, irin wadda muka saba gani a gidajenmu. Gas ɗin da ke cikinta asalinsa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, don hanci ya kama shi da wuri. Sai dai hanci na saurin sabawa. Ka yi 'yan mintoci a ɗakin, sai ka ga kamar warin ya ragu, alhali gas ɗin ƙaruwa yake yi. Kuma ya fi iska nauyi, saboda haka kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya gangara lambatu. Babba a tsaye zai iya cewa bai ji komai ba, jaririn da ke rarrafe kuwa a cikinsa yake tsundum.

Yanzu mu zo inda ake yin kuskuren.

[Hoto: makunni a buɗe cikin duhu, a hankali]

Mun cire murfin wannan makunnin, mun kashe fitila. Ku zuba ido. Kun ga ɗan shuɗin hasken nan? Bari a maimaita. Wannan tartsatsi ne, kuma yana fita duk lokacin da ƙarafan ciki suka haɗu ko suka rabu. Kullum yana faruwa a bangon gidanku, murfi ne kawai ke ɓoye shi. Mutane da yawa sun san ba a kunna wuta, amma suna ganin kashewa taimako ne. Kashewar ma tana fitar da tartsatsin, sau da yawa ma nata ya fi girma, musamman idan fanka ce ko firij. Haka zare filogi daga soket. Gas kuwa ba sai ya cika ɗaki ba, idan ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, ɗan hasken nan da kuka gani ya ishe shi.

To kwan da ke kunne a bar shi a kunne, wanda ke kashe a bar shi a kashe. Fanka kuma, Hajiya, na san niyyar alheri ce, amma ita kanta injin lantarki ce. Taga da ƙofa za su yi miki aikin.

Akwai wani abu da ya fi tayar min da hankali, domin namu ne na gida. A ce babu wuta lokacin da gas ɗin ke yoyo. Makunnai duk a kunne tun safe, firij a jone. Sai yaran layi su ɗauki ihu, an kawo wuta, komai ya tashi lokaci guda ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Idan babban makunnin gidanku yana waje, nesa da inda warin yake, a je can a kashe. Idan yana cikin kicin ɗin ko kusa da shi, a rabu da shi. Janareta kuma kada wanda ya tayar.

Sauran matakan a gurguje. Idan za ku iya kai hannu ga tukunyar ba tare da haɗari ba, ku rufe regileta. A buɗe taga da ƙofa. A kashe duk wani garwashi: murhun gawayi, maganin sauro, har kaskon turaren wutar da ake mantawa da shi a lungu. A fitar da kowa, yara a gaba. A ƙwanƙwasa wa maƙwabta da hannu, ban da ƙararrawar ƙofa.

[Hoto: tsakiyar layi, waya a hannu]

Sai kun fito nan za ku ɗauko waya. Ku kira 112, kyauta ne a Najeriya, ko lambar 'yan kwana-kwana ta jiharku. Ku faɗi unguwa da layi da wata alama da direba zai gane, kamar masallaci ko gidan mai. Ku faɗi girman tukunyar, ko kun samu rufe ta, ko akwai wanda ya rage a ciki. A tsayar da yaro a bakin titi ya nuna musu hanya. Kada ku ji nauyin kira don gobara ba ta tashi ba, hana ta tashi ma aikinsu ne.

Idan sun zo, kada a koma ciki sai sun ce a koma, kuma ku roƙe su su duba muku kayan gaba ɗaya. Ga yadda ake gano wurin yoyon: ruwan sabulu a kan bakin tukunya, da regileta, da tiyo, da inda ya haɗu da risho. Kun ga kumfar nan tana tasowa? Nan ne. Sau da yawa 'yar robar da ke cikin bakin tukunyar ce ta ci, ko tiyon ya tsage don tsufa, ko ɓera ya yi masa ɓarna. Masu gwadawa da ashana, don girman Allah ku daina. Ku duba shekarar da aka buga a jikin tukunyar ma, domin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, ta ce shekara 15 ne iyakar amfani da ita.

Idan kuma warin daga shagon cika gas na unguwa yake fitowa, magana ta wuce gida ɗaya. A ranar 4 ga Janairu, 2020, shagon gas ya fashe a Sabon Tasha da ke Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Hukumar da ke ba irin waɗannan wurare lasisi yanzu ita ce NMDPRA, wadda aka kafa a 2021. Ku haɗu da mai unguwa ku rubuta takarda, ɗaya zuwa ofishinsu na jiha, ɗaya zuwa hukumar kashe gobara, kuna neman a zo a duba wurin. Ku sa kwanan wata da lokutan da ake jin warin, ku tabbata an buga muku hatimi a kwafin da za ku riƙe. In sati ya zagayo ba ku ga kowa ba, ku koma da kwafin a hannu.