Wa zai biya tafintan kurame a asibiti?

Ku dubi wannan benci na ɗakin awon ciki a Maradi. Matar da ke can ƙarshe kurma ce, sanƙarau ya tafi da jinta tun tana ƙarama. An kira sunanta sau uku ba ta ɗago kai ba, layi ya wuce ta.

Da ta samu shiga, ɗanta mai shekara goma ne ya tsaya tsakaninta da ungozoma. Aka ce ya tambaye ta yaushe rabonta da ganin al'ada. Yaron ya sunkuyar da kai. Wane ɗa zai yi wa uwarsa wannan tambaya? A ƙarshe aka miƙa mata takardar magani, aka ɗaga mata yatsu biyu. Ƙwaya biyu ake nufi, ko sau biyu a rana?

Wani zai ce a rubuta mata. To kurame da yawa ba su shiga lakwal ba, takardun asibiti kuma da Faransanci suke.

Abin da take buƙata tafinta ne wanda ya koyi aikin, ya san sunayen cututtuka a maganar hannu, yana kuma riƙe sirri. Aikin ba wasa ba ne. Maganar hannun makaranta daban take da alamun da kurman ƙauye ya tashi da su a gida, har wani lokaci sai an haɗa da wani kurma kafin a fahimci juna.

A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 ya ambaci ƙwararrun tafintocin maganar hannu ƙarara. Amma idan babu kuɗin a kasafi, sai dai a roƙi wani malamin kurame ya bar ajinsa, ya biya kabu-kabu daga aljihunsa. Gobe ba lallai ya zo ba, kuma ba laifinsa.

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ni dai ina ganin haka ya kamata a yi da wannan: kuɗin tafinta ya fito daga kasafin asibiti, kada a ɗora wa mara lafiya. Babban asibiti ya ɗauki nasa da albashi. Ƙananan asibitocin karkara kuwa a ba su lambar da za su kira ta bidiyo, a riƙa biyan tafintan kowane kira.