Tarin da ke biyo bayan aikin gyaran bugun zuciya

Assalamu alaikum, masu kallo. Idan mutum a Zariya ya fara tari har jini ya fito a kakinsa, abin da zai fara faɗo wa 'yan gida a rai shi ne tarin fuka, a ce a kai shi asibitin tarin fuka na Saye gwaji. Wannan zato yana da hujja, amma ga wanda aka yi wa aikin gyaran bugun zuciya da bututu, akwai wani dalili da ya wajaba a bincika.

A wannan aiki, likita yana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya, ya ƙona ko ya daskarar da wuraren da ke rikita bugun. A shekarar 1998 likita Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na Faransa suka nuna cewa wani nau'in rikicin bugun yakan taso ne daga jijiyoyi huɗu da ke dawo da jini daga huhu zuwa zuciya, shi ya sa a bakinsu ake aikin.

Wurin da aka ƙona yana warkewa ne da tabo, tabon kuma wani lokaci yakan tsuke bakin jijiyar, sai jini ya taru a huhu. Abin ba ya yawan faruwa, sai dai yana da yaudara, domin yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya bayyana da haki, ciwon ƙirji, tari da jini, ko namoniya mai tafiya tana dawowa. Magidancin da ya saba takawa masallaci cikin sauƙi sai a gan shi yana dafa bango yana mayar da numfashi. Hoton siti sikan na ƙirji ne ke nuna tsukewar, kuma ana buɗe jijiyar da balan-balan ko 'yar ragar ƙarfe, ko da yake takan sake tsukewa.

Akwai kuma wata jijiya, ba ta jini ba, da ke motsa tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki. Takan taɓu, musamman a aikin daskararwa, numfashi ya yi nauyi, amma galibi takan farfaɗo cikin watanni.

Saboda haka, ko a Indiya aka yi muku aikin ko a Masar, ku adana takardun sallama, kuma duk likitan da kuka je wa da tari, a asibitin koyarwa na Shika ko a asibitin unguwa, ku fara gaya masa an taɓa yi muku wannan aiki da watan da aka yi shi.