Kyamara Marar Madubi A Ƙasar Ƙura

Wannan lacca ce da wani tsohon mai hoto ya yi wa matasa masu koyon sana'ar, a wani ajin firamare a ƙasar Gumel, jihar Jigawa. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum. Wakilin Dagaci, ranka ya daɗe, mun gode da ka bar harkokinka ka zo. Malam Hedimasta, Allah Ya saka da alheri da aron ajin nan. Ƙannena maza da mata, sannunku da zuwa. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Kun ga jaka biyu a kan teburin nan. Wannan babbar da ita na ci abinci shekara da shekaru. Wannan ƙaramar kuwa wata takwas ke nan tana hannuna, kuma a kanta zan yi magana, domin ita ce kuke ta tambayata a waya: "Baba, in saya ko kar in saya?" Sunanta Canon EOS R50. Kamfanin ya fito da ita a watan Fabrairun 2023, ya ce don 'yan koyo ya yi ta. Na kai ta ɗaurin aure, na kai ta saukar Alƙur'ani, na shiga da ita kasuwar Maigatari ranar Alhamis, cikin shanu da raƙuma. Abin da na gani zan faɗa, ba wanda ya biya ni.

Da farko mu san me ake nufi da marar madubi, wadda 'yan kasuwa ke ce wa miroles. Bari in cire lensin tsohuwar. Ku leƙa. Kun ga ɗan madubin nan a karkace? Haske in ya shigo, shi yake bugu, madubin ya cilla shi sama zuwa maleƙar da kake sa ido. In ka danna, madubin ya ɗaga, haske ya faɗa kan sensa, wato farantin da yake kama hoto. Wannan "kas" ɗin da yara ke so su ji a wurin biki, rabinsa ƙarar madubin ne. Irin wannan ita ake kira DSLR. To a 2008 kamfanin Panasonic ya fito da G1, aka cire madubin gaba ɗaya. Haske ya wuce kai tsaye kan sensa, sensa kuma ta nuna maka hoton a wani ɗan allo da ke cikin maleƙa, ko a allon da ke bayan kyamarar. Yau manyan kamfanonin duk can suka koma.

Me wannan ya amfana wa ɗan koyo? Ni lokacin da na fara, fim muke sawa. Sai ka cika fim, ka hau mota zuwa Kano a wanke, sannan ka san ko ka yi aiki ko ka yi ɓarna. Akwai ranar da na dawo da hoton ango baƙi ƙirin, ba a ganin komai sai hula. Kwana uku ban bi ta ƙofar gidansu ba. (Dariya.) Ku kuwa, da wannan, abin da idonku ya gani a maleƙa shi ne zai fito. In ka ƙara haske, nan take ka ga ya ƙaru, tun kafin ka danna. Abin da na yi shekara biyu ina koya da asarar fim, mai hankali zai kama shi a wata biyu.

Misalin da ya fi damun mu a nan shi ne farar shadda da baƙar fuska, da tsakar rana. Alhaji ya fito daga masallacin Juma'a da babbar riga fara fat. Kyamara ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske, rigar ta yi kyau, fuskar Alhaji ta nutse. In ka ƙara da yawa, fuska ta fito, aikin ɗinkin rigar ya ƙone. Tsakanin biyun nan akwai wuri, kuma marar madubi tana nuna maka shi da idonka. Akwai maɓalli mai alamar ƙari da ragi. Ku riƙe shi kamar yadda manomi ke riƙe fartanya. Mafi sauƙi ma, ka ce Alhaji ya matso inuwar darbejiya, magana ta ƙare.

Abu na biyu da ya burge ni shi ne fokas. Kyamarar nan tana gane idon mutum, ta kama shi, ta bi shi duk inda ya juya. Tana gane dabba, tana gane mota. A Hawan Sallah na gwada ta, dawakai na sukuwa sun nufo ni, tana iya ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa ɗaya, har 15 in ka sa ta a yanayin da ba ta ƙara. Da tsohuwata sai in yi goma in tsinci biyu. Da wannan, yawanci sun fito garau. Amma in gaya muku, a cikin taro takan zaɓi fuskar da ta ga dama. Kana son amarya, ita ta kama ƙawar amarya da ta fi kusa. Sai ka taɓa fuskar amaryar a allo, ta dawo hayyacinta. Allon kuma yana buɗewa gefe, yana juyawa, za ka iya ɗaga kyamarar sama da kawunan mutane kana kallo.

Nauyinta giram 375 da batir da kati. In an ɗaura lensin da take zuwa da shi, kusan rabin kilo ke nan. Megafiksel ɗinta 24, hoto ya kai ɗigo 6000 a tsawo, 4000 a faɗi. Ya isa a wanke babban firam na falo. Kar wani ya ruɗe ku da cewa wayarsa 108 ce. Sensar wannan ta ninka ta waya girma sau da yawa, kuma girman sensa shi ne yake tara haske.

To, na yabi ɗan kuturu, yanzu bari mu duba yatsunsa.

Waɗanda suka ƙera ta a Japan ba su san hunturunmu ba. Ku sake leƙawa, na cire lensi. Me kuka gani? Sensa ce tsirara, ba madubi a gabanta, ba abin da ya kare ta. Kuma wannan samfurin ba a sa masa abin da ke girgiza sensa ya kakkaɓe ƙura ba, wanda ake samu a yayarta R10. Jikinta ma ba a toshe shi don ruwa da ƙura ba. Ni na koyi darasin a Maigatari. Iska na kaɗawa, na tsaya a fili na canza lensi. Da na koma gida, duk hoton da akwai sararin sama a ciki, ga ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda, a wuri ɗaya a kowane hoto. Kwana biyu ina gogewa a kwamfuta.

Don haka ba a canza lensi a fili daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ka shiga ɗaki, ko mota, in babu ka sa hannu cikin jaka. Ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, sabon lensin yana hannunka a shirye. Ka sayi ɗan famfon roba mai hura iska. Kar ka hura da baki, yawu zai bi. Kar ka sa bakin riga. Wani yaro ya kawo mini tasa ya goge sensar da auduga da turare, wai don ta yi tsabta. Inna lillahi! Kuɗin gyaran ya kusa sayen wata. In za ka hau babur, ka naɗe ta a leda, sannan jaka.

Sai batir. Marar madubi tana shan wuta, domin allo ko maleƙa dole ɗaya na kunne koyaushe. Batirinta ƙarami ne, sunansa LP-E17. Lissafin kamfanin, caji ɗaya zai ba ka hoto kamar 370 in da allo kake aiki, in da maleƙa ne bai kai haka ba. A birni wannan ba damuwa ba ce. A nan, inda wuta kan yi mako ba ta zo ba, magana ce babba. Biki ɗaya daga kamu zuwa kai amarya, batir ɗaya ba zai kai ka ba. Ni uku nake yawo da su. Ana iya caja ta ta ramin USB-C, amma ba kowane fawabanki take karɓa ba, sai mai alamar PD. Ka je da kyamarar ka gwada a shago kafin ka biya. In za ka kai caji wurin mai janareto, batir da cajarsa kawai za ka kai, ka rubuta sunanka a jiki, kyamarar ta zauna a gida.

Zafi ma haka. Takardar kamfanin ta ce a yi aiki da ita daga digiri 0 zuwa 40. Ku da kanku kun san abin da Afrilu da Mayu suke yi mana. Hoto ba matsala, amma bidiyon 4K, wato mafi inganci da take ɗauka, mai tsawo a cikin rana yana sa ta ɗau zafi ta nuna gargaɗi. In wa'azi ko walima za ka ɗauka, ka sauko zuwa 1080, ka nemi inuwa. Masu kallo a WhatsApp za su gani, ba mai gane bambanci. Akwai ramin makirfo, ka saya ko ƙarami ne, domin na jikinta iska yake kwasa.

Yanzu lensi, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Wanda ke zuwa a kwali milimita 18 zuwa 45 ne, wato lambar da ke nuna yadda yake jawo abu kusa. Da rana ba laifi, yana da abin rage girgizar hannu a cikinsa, wanda jikin kyamarar ba shi da shi. Amma ƙofar haskensa ƙarama ce, daga 4.5 take farawa, in ka jawo abu kusa ta koma 6.3. A lissafin nan, in lamba ta hau, haske ya ragu. Ɗakin amarya a ƙauye kuwa kun san shi, taga ɗaya kamar tafin hannu, an jera kwalla da kumbo sun rufe rabinta. A nan lensin nan yake durƙusawa, hoto ya fito da yashi-yashi. Maganinsa lensi mai lamba 50, ƙofa 1.8. Ba ya jawowa, ƙafarka ce za ta yi tafiya, amma hasken da yake sha ya ninka na wancan sau da yawa, kuma shi ne yake narkar da baya, mutum ya fito shi kaɗai, irin hoton da 'yan mata ke cewa "na situdiyo". Sai dai a kan wannan kyamarar yana matse fili, a ƙaramin ɗaki mutum ɗaya ko biyu zai ɗauka, ba dangi duka ba.

Wanda ya gaji tsofaffin lensunan Canon na EF, wato na kyamarorin madubi, kar ya zubar. Akwai zobe da ake ɗaurawa a tsakani, suna aiki lafiya lau. Filasha ce ke da tarko. Mazaunin filashar R50 sabon salo ne, tsofaffin filashohi ba sa hawa su yi aiki sai da wani mahaɗi mai suna AD-E1. Ni sai da na saya na dawo gida na gane.

Kati ɗaya take ɗauka. In ya lalace, bikin mutane ya tafi, kuma ba a sake ɗaura aure don mai hoto. Ka sayi katuna biyu masu kyau maimakon ƙato ɗaya, ka juye a waya ko kwamfuta a daren.

Kuɗi fa? Ranar da ta fito, dala 679 ce jikinta kawai, dala 799 da lensi. A naira kuwa farashin bin dala yake yi, sai ku tambaya ranar da za ku saya. Abin da nake so ku lissafa shi ne, in kuɗinka iya na kyamarar ne cif, ba ka shirya ba tukuna. Batir biyu, kati biyu, jaka, famfon iska, duk suna cikin kuɗin.

(Wani daga cikin mahalarta ya tambaya game da R100, wadda ta fi araha.)

Yauwa, ɗana, tambaya mai kyau. Ita ma 2023 ta fito, hotonta da rana ba ya jin kunya a gaban wannan. Amma allonta a manne yake, ba ya juyawa, kuma ba a taɓa shi. Ku da kuka tashi da waya a hannu za ku yi ta dangwala yatsa ba amsa. In hoton fasfo da na 'yan makaranta za ka yi, ta ishe ka. In da bidiyo a ranka, ka ƙara haƙuri ka tara. Kuma ku yi hattara da M50 ta hannu da ake tallatawa da araha. Kyamara ce mai kyau, amma Canon ya daina wannan layin, lensinta ba ya hawa kan R. Sony ZV-E10 da Nikon Z30 kuwa ba su da maleƙa sam, allo kaɗai, kuma a ranar Jigawa allo ba ya ganuwa.

(Wata ta tambaya ko mace za ta iya sana'ar.)

'Yata, ke ce ma kasuwar ke jira. Ni da furfurata, wurin kamu da lalle a bakin zaure nake tsayawa. Ke za ki shiga har ƙuryar ɗaki. Kyamarar ba nauyi, tana shiga ƙarƙashin hijabi, ƙura ma ba ta same ta ba. Sai dai ki tambaya kafin ki ɗauka, kuma hoton matan mutane ba ya hawa Facebook sai da izininsu da na gidansu. Ku ma maza haka.

Akwai saura? To. La'asar ta kusa, rana ta karkata, hasken da nake so ke nan. Ku kasu biyar-biyar mu fita bakin rijiya. Wakili, ranka ya daɗe, tunda farar riga ce a jikinka, da kai za mu fara. Wanda ya karɓi kyamarar ya fara rataya igiyar a wuya kafin ya taɓa komai.