Rage ƙiba da fara shan homon ga mata masu sauya jinsi: abin da ma'aikacin lafiya zai tarar a gabansa

Laccar da wata likita ta gabatar wa ɗaliban aikin jinya a Yamai. An rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. 'Ya'yana, na ga fuskokin wasunku sun sauya da aka faɗi abin da za mu tattauna. Ban zo yi muku fatawa ba, wannan akwai malamanta. Na zo ne domin wata rana, a Yamai ko Tawa ko Ƙonni, wani zai zauna a gabanku wanda aka haifa namiji, amma tun ƙuruciya yake jin kansa mace, kuma haka yake son ya rayu. A likitance mace mai sauya jinsi muke cewa, haka zan riƙa faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan hali daga babin cututtukan taɓin hankali a 2019, sabon kundin cututtukanta ya fara aiki a 2022.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba su zuwa wurinmu kafin su fara shan homon, wato sinadarin da ke ba jiki surar mace. Tsoron tozarci ke hana su. Sai su tambayi ƙawa a WhatsApp, su saya wurin mai tallan ƙwaya a bakin kasuwa. Mu sai ƙafa ta kumbura muke ganinsu.

Wadda ta yi ƙarfin halin zuwa da wuri, tambayarta kusan ɗaya ce: “Likita, sai na rame tukuna sannan in fara?” An gaya mata wai ta zubar da kitsen jikinta kakaf, in ta fara shan homon sai ta sake ƙiba, sabon kitsen ya tafi ƙugu da cinya. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Estrojen, wato homon na mata, ba ya ɗaukar kitsen tumbi ya kai shi ƙugu. Jiki kullum yana ƙona kitse yana ajiye wani, shi homon wurin ajiyar yake canzawa a hankali. Ana fara ganin haka tsakanin wata 3 zuwa 6, kuma yakan ɗauki shekara 2 zuwa 5 kafin ya kammala. Nono ma a wata 3 zuwa 6 yake fara tasowa, ya tsaya bayan shekara 2 ko 3, girmansa kuma gado ne ya fi yanke shi. Murya ba ta canzawa, gemu ba ya ɓacewa, haihuwa kuwa tana iya tafiya ba ta dawo ba. Ku faɗa mata duk wannan tun ranar farko. Amma cewa yunwar ganganci tana gaggauta sauyin, babu wani bincike mai ƙarfi da ya tabbatar da haka.

Illar yunwar kuwa a fili take. In testosteron, wato homon na maza, ya sauka, tsoka na raguwa da kanta. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna a shekarar farko ana ƙara kitse kamar kilo 3, ana rasa tsoka fiye da kilo 2. To ku ɗora yunwa a kan wannan. Mutum ya wuni da shayi da ruwa, sikeli ya nuna kilo ya sauka, ta yi murna, alhali nama ne ya zube. Ƙashi ma yana shan wuya, musamman in an danne testosteron ba a ba da isasshen estrojen ba. Na taɓa duba wata da wuyan hannunta bai kai yatsuna biyu in na zagaye su ba, in ta miƙe sai ta dafa bango saboda jiri, tana kuma ce mini saura kaɗan. Cutar ƙin cin abinci ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a. Ku tambaye ta kai tsaye: me kika ci jiya, daga safe zuwa dare?

Sannan ga namu na gida. A nan mace mai jiki ake yabo, kun sani. Don haka bayan ramar sai a koma ga sha-ka-fashe. Wasu ƙwayoyin siproheptadin ne mai buɗe ciki, wasu deksametazon ne. Shi deksametazon fuska yake kumburawa, ya tara kitse a ciki da bayan wuya, ya sirantar da hannu da ƙafa, wato akasin surar da take nema. Ya bar ta da ciwon suga da hawan jini da ƙashi mai saurin karyewa. An gudu ba a tsira ba.

Wace ce ya kamata ta rage ƙiba da gaske? Ku auna. Ku raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mai mita 1.70 da kilo 90 za ta ba ku 31, daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai haɗari. Dalilin damuwarmu jini ne. Estrojen na ƙara yiwuwar jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Ƙiba na ƙara wannan haɗarin, taba da shisha ma haka. Duk da haka ƙiba kaɗai ba dalilin kora ba ce. In an kore ta, mai tallan ƙwaya yana nan yana jira. Likitan da ya san aikin yakan zaɓi estradiyol, wani nau'in estrojen, na shafawa ko na mannawa a fata, domin ba ya fara bi ta hanta, haɗarinsa ga jini ya fi sauƙi. Ragewar kuma rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa. A rage sukarin shayi, wanda ake zubawa a zagaye na ɗaya da na biyu da na uku, a rage lemon kwalba da soye-soye. A ci wake, ƙwai, kifi, nono, dambu da zogale mai yawa. Tafiyar ƙafa minti 150 a mako, kamar yadda kuke ganin mutane na zagaya filin wasa na Seyni Kountché da sassafe, da ɗan motsa jiki mai riƙe tsoka sau biyu a mako.

Yanzu ku buɗe kunne. Abin da aka fi sha a ɓoye ƙwayar tsarin iyali ce, don ita ce mai araha, wasu biyu ko uku suke haɗiya a rana. Mafi yawanta etinil-estradiyol ke ciki, wani estrojen na haɗi, wanda masana suka daina bayarwa don wannan aiki saboda yawan daskarar da jini. In kun ga sharaɓa ɗaya ta kumbura, tana zafi, ko numfashi ya yanke farat ɗaya da ciwon ƙirji, kada ku ce maleriya ce ku sallame ta. Asibiti za ta tafi a take. Kuma ku tambaya da murya ƙasa-ƙasa, ba a gaban 'yan rakiya ba: akwai wata ƙwaya da ake sha?

Masu danne testosteron guda biyu za ku fi gani. Siproteron, wanda aka sani da Androcur, in an daɗe ana shan mai yawa yana iya kawo ƙari a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, shi ya sa hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shi a 2020. Na biyu sipironolakton, maganin sa fitsari ne, yana kuma tara gishirin fotasiyam a jini. Ku tuna zafin Yamai a Afrilu da Mayu, sama da digiri 40. Ga gumi, ga fitsari, ga yunwar rage ƙiba, ƙila ga diklofenak na ciwon jiki. Ƙoda na iya gazawa, zuciya ta rikice. Shi ya sa a shekarar farko ake auna jini duk wata 3, a duba homon da fotasiyam da ƙoda, a auna hawan jini.

Na ga hannu a baya. Faɗi, ɗana.

Ya ce in zuciyarsa ba ta yarda da abin ba fa? Ba wanda ya ce ka rubuta homon, ba ma aikinka ba ne, na likitan da ya ƙware ne. Naka shi ne ka duba ƙafar, ka auna jinin, ka tura ta inda ya dace, ka kuma riƙe sirrinta kamar na kowane majinyaci. Magana ɗaya da ta fita daga bakinka a unguwa tana iya raba ta da gida da sana'a.

Ke kuma 'yata, azumi kika tambaya. E, da yawansu suna azumi. Mai shan sipironolakton ta ga likita kafin watan ya kama, a auna ƙoda da fotasiyam, a mayar da shan maganin bayan buɗa-baki, ta sha ruwa sosai har zuwa sahur. In jiri ya kada ta ko fitsari ya ɗauke, ta zo asibiti a ranar, kada ta jira magariba.