Taku ɗaya, sabis ya dawo

[Babbar Kasuwar Sakkwato, wani na ɗaga waya sama]

Ku dubi bawan Allahn nan. Ga ƙarfen sabis can yana kallonsa, amma kira sai yankewa yake. Ya gusa taku ɗaya, murya ta fito tar. Kwanan nan ana ta yaɗawa wai hazo ne ke cinye sabis, wasu su ce nisa ne. To, taku ɗaya ya kori hazo ne?

[Zane: kibiyoyi daga ƙarfe zuwa waya]

Igiyar rediyo ba ta hanya guda take iso wayarka ba. Wata ta zo kai tsaye, wata ta daki rufin kwano ta dawo, wata ta bugi jikin tirela. Saƙo ɗaya suka ɗauko, sai dai wata ta ɗan makara. Ita kuwa igiya tudu da kwari gare ta. Tudu ya hau tudu, ƙarfi ya ƙaru. Tudu ya faɗa kwari, sun kashe juna.

A nan mutane ke ɓacewa, don haka mu sake kallo a hankali. Sabis ya iso inda kake tsaye, har ta hanyoyi da yawa, haɗuwarsu ce ta shafe shi. A zangon megahaz 900, ɗaya daga cikin zangunan igiya da wayoyi ke aiki a kai, tsawon igiya kusan santimita 33 ne, shi ya sa tsakanin wurin da ya mutu da mai rai bai kai taƙi ɗaya ba. Ko ba ka motsa ba, tirelar ta wuce, lissafi ya sake.

[Bidiyo na dushewa]

A 4G wayarka na auna hanya, ta aika wa ƙarfe maki daga 0 zuwa 15. Hanya ta yi kyau, a loda bit 6, wato ƙwayoyin bayani, a kowace alamar da igiya ke ɗauka, ta lalace a koma 2, kamar ɗan kabu-kabu da ya rage kaya ganin yashi. Ni kam na fi son hoto ya dushe da a ce ya tsaya cik.

Haɗarin mataccen wuri yana ga rediyo mai wayo, wanda injiniya Joseph Mitola ya gabatar a 1999. Shi sai ya saurara, in zangon talabijin babu kowa ya ara. In ya tsaya a mataccen wuri shiru zai ji, ya afka kan tashar da ke aiki. Shi ya sa ake haɗa na'urori da dama su saurara daga wurare daban-daban, kuma ƙa'idar irin wannan rediyo, mai suna IEEE 802.22, ta ce a gano tashar da ke da zangon aƙalla sau 90 cikin 100, cikin daƙiƙa 2.