Salansa Ɗaya, Bindigogi Huɗu: Inda Matashin Bakanike Ya Kuskure

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa.

Makon nan wani ɗan gajeren bidiyo ya yi ta yawo a wayoyinmu, daga Agege har Mile 12. Ga shi nan kuna gani. Wani mutum ne a filin koyon harbi a Amurka, ya jera bindigogi huɗu a kan tebur, ya ɗauko bututu guda yana kwance shi daga bakin wannan yana ɗaura wa waccan, yana harbi. Daren Talata na zauna wurin mai shayi a Idi-Araba, na tarar gardama ta kaure a kansa. Wani dattijo da ya daɗe yana gadi a Ikoyi ya ce haɗin kwamfuta ne kawai. Wani matashin bakanike ya ajiye kofinsa ya ce, "Haba Baba, ai ba wani abu ba ne. Muddin ramin bututun ya fi harsashi faɗi, shi ke nan, zai hau kowace bindiga."

Baba, a yi haƙuri, abin yana yiwuwa. Shi kuma matashi rabin gaskiya ya kamo, kuma rabin da ya bari shi ne mai haɗarin.

Bari mu yi sauri a kan mene ne abin. Salansa ce, irin dai ta mota da babur, har sunan ma ɗaya. Wani Ba'amurke, Hiram Percy Maxim, ya samu takardar mallakar fasaharta a 1909, kuma shi ɗin ya ƙera wa injuna salansa. Mahaifinsa ne ya ƙera bindigar Maxim mai ɓarin wuta, irin wadda sojojin Lugga suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Uba ya kawo ƙara, ɗa ya tashi neman rage ta.

(Hoto: salansa an tsaga ta gida biyu.)

Ku dubi cikinta. Ƙananan ɗakuna ne a jere, tsakaninsu shamaki na ƙarfe, kowane shamaki da rami a tsakiya inda harsashi zai wuce. Iskar albarushi mai zafi da ke bin bayan harsashi tana shiga ɗaki-ɗaki, tana bajewa, tana hucewa, maimakon ta fashe waje lokaci guda.

Kuma don Allah mu cire abin fina-finai daga ranmu, wannan "tsit" ɗin da ake ji. Ƙarar babbar bindiga tana haura desibel 160, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Salansa mai kyau tana rage tsakanin 20 zuwa 35. Abin da ya saura yana nan wajen 130 zuwa 140, ya fi ƙarar janaretan maƙwabcinka nesa ba kusa ba. Ga shi kuma sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa, harsashin da ake kira 5.56 kuwa yana gudun kusan mita 900, saboda haka yana yage iska da nasa ƙaran kamar bulala, kuma ba ruwan salansa da wannan. Shi ya sa mafarauta a Finland da Norway da Ingila suke ɗaukarta kayan kare kunne, nasu da na karnukansu.

To, mu zo inda matashi ya yi daidai. Faɗi.

Ga harsasai nan na jera muku. Na 5.56, kaurinsa milimita 5.7. Na 6.5 Creedmoor, milimita 6.7. Na .308, ɗan'uwan 7.62, milimita 7.8. Na .338, milimita 8.6. Salansar da aka yi wa .308, ramin shamakinta ya ɗan fi 7.8 faɗi, don haka 6.5 zai wuce, 5.56 ma zai wuce a sake. Abin da kuka gani a bidiyon ke nan. Juya abin kuwa ba ya yiwuwa. Ka tura .308 cikin salansar 5.56, harsashi zai daki shamaki na farko, ƙarfe ya tarwatse a gaban fuskarka. Babbar riga tana shiga yaro, rigar yaro ba ta shiga babba. Wannan kowa ya gane.

Yanzu ku ba ni hankalinku, nan ne zan daɗe.

Ga salansar ƙaramar bindigar hannu, mai cin harsashin milimita 9. Raminta ya haura milimita 9. Harsashin .308 kuwa mun ce 7.8 ne. Bisa lissafin matashinmu, ai ya wuce har da canji. Kuma gaskiya ne, harsashin zai wuce, ba zai taɓa komai ba. Abin da ke biye da shi ne ba zai wuce lafiya ba.

Ku duba, an buɗe kwanso biyu an zazzage albarushinsu a kan farar takarda. Na milimita 9, ɗan tsinke ne, bai kai rabin giram ba. Na .308, kusan giram 3. Ninki bakwai ko takwas ke nan. Duk wannan albarushin yana komawa iska mai wuta cikin ƙiftawar ido, kuma ita salansa za ta tara. Mai faci yana ba tayar motarka iska awo 32 ko 35. A wannan ma'aunin, cikin bindiga mai milimita 9 matsi yana kaiwa 35,000. Na .308 yana kaiwa 62,000. Kafin iskar ta iso baki matsin ya sauka sosai, amma yawanta yana nan. Salansar bindigar hannu kuwa sau da yawa da alminiyom mara nauyi ake yinta, siririya, don kada ta rinjayi hannu. Ka juye mata wutar .308, kamar ka haɗa robar ban ruwan lambu da famfon motar kashe gobara ne. Ko ta kumbura, ko ta tsage, ko bakinta ya fice ya bi harsashi.

Ina so a riƙe wannan: rami yana gaya maka abin da zai wuce ne kawai. Abin da salansar za ta jure, wannan tambaya ce dabam, kuma ido ba ya amsa ta.

Ga wani misalin da ya fi rikita mutane. Harsasai uku, .300 Blackout, .308, da .300 Winchester Magnum. Ku dubi kawunansu, kauri ɗaya ne cif, milimita 7.8. Yanzu ku dubi kwansonsu. Na farko gajere kamar ɗan yatsa. Na ƙarshe dogo mai ƙiba, albarushinsa ya haura giram 4. Dukansu "talatin" ake ce musu a kasuwar can. Akwai salansar da za ta ɗauki na farko da na biyu, kamfanin da ya ƙera ta ya hana a sa mata na uku. Don haka wanda ke da bindigogi da dama, tambayar da zai yi guda biyu ce: wanne ne mafi kauri a harsasaina, sannan wanne ne mafi wuta? Ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Sai tsawon bututun bindigar kanta, wanda kusan kowa ke mantawa. Idan bututu dogo ne, albarushi ya gama ci, iska ta baje kafin ta fito. Idan gajere ne, wuta tana fitowa da sauran ƙarfinta, har da ƙwayoyin albarushin da ba su gama ƙonewa ba, suna goge shamaki na farko kamar yashi. Shi ya sa za ka ga ƙaramin 5.56 daga guntun bututu ya fi cin salansa a kan babban harsashi daga dogon bututu. Kamfanoni suna rubuta wannan a takardar kayansu: harsashi kaza, bututu kada ya gaza inci kaza. Ga irin takardar nan a allo. A ganina ta fi duk tallan da ke jikin kwali muhimmanci. Daga nan ne zancen ƙarfe yake shigowa. Titaniyom ba shi da nauyi, maharbin da ke yini a daji yana harbi ɗaya ko biyu yana sonsa. Mai harbi a jere ba ƙaƙƙautawa kuwa, baƙin ƙarfe mara tsatsa ko wani haɗin ƙarfe mai suna Inconel yake nema, don su ne ke jure zafi.

Sauran a gurguje, hotuna za su nuna muku.

Babbar salansa a kan ƙaramin harsashi tana barin iska ta ɗan sulale ta gefe, ƙarar ta ɗan fi ta wadda aka yi masa takanas, ga tsawo ga nauyi. Murɗin bakin bindigogi ba iri ɗaya ba ne, kamar yadda noti goma ba ya hawa ƙusa sha biyu, sai da mahaɗi, kuma idan mahaɗin ya karkace ko da kaɗan, harsashi zai shafi shamaki. Nan babban rami yana taimako, yana ba da ɗan sarari. Saiti kuma yana canzawa a kowace bindiga idan an rataya mata nauyi a baki, sai an sake gwadawa. Ɗan ƙaramin .22 kuwa, kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, shi ya fi kowa ƙazanta. Darma da maiƙo yake bari, suna taruwa suna daskarewa, kuma yawancin manyan salansa a rufe ake walda su, ba a buɗewa a wanke. Shi kam gara a ba shi tasa.

Duk wannan magana ta ƙasashen da doka ta yarda ce. Ko a Amurkar, tun 1934 aka sa wa salansa rajista, a shekarar kuma aka ɗora mata harajin dala 200, kuɗin da a lokacin ya ninka farashinta sau da yawa. A nan gida, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu cin 7.62 da milimita 9 da .303 cikin haramtattu, sai da lasin shugaban ƙasa. Bindigar farauta sai da lasin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka ma sai da izini. Ƙannena makanikai da masu walda, na san hannunku yana da kyau, amma idan wani ya kawo muku hoto a waya ya ce a haɗa masa irin wannan, ku ce a'a. Ɗauri ne na shekaru, kuma kun ga irin wutar da muke magana a kanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a daren nan shi ne dattijon. Duk hirar nan yana karkato da kunnensa na dama, sai an maimaita masa magana sau biyu. Da na tambaya, ya ce kafin ya zo Legas shekara ashirin ya yi yana farauta da bindigar toka a dazukan gida, na hagun tun tuni ƙugi kawai yake yi masa dare da rana. Na tambaye shi ko sun taɓa toshe kunne in za su yi harbi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, da me za mu ji motsin nama?"